Kurakuran da ke kashe dabinon ado a gidajen Katsina

Ƙananan itatuwan nan masu kama da dabino sun cika bakin ƙofofi da tukwanen fulawa a GRA da sababbin unguwannin Katsina, musamman areka mai fitowa gungu-gungu da gajeren dabinon ado. Abin da ke damuna shi ne, da ganyensu ya fara yin ruwan ɗorawa, taimakon da mai gida ke kai musu shi ke ƙarasa su.

Kafin ka taɓa komai, ka duba wane ganye ne ya lalace: tsofaffin ƙasa, ko sabon da ke fitowa daga tsakiyar kai? Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sare rassan ƙasa don itacen ya yi kyan gani. Ɗaga irin wannan ganye ka kalle shi ta wajen rana. In ka ga ɗigo-ɗigo ruwan goro haske na ratsa su, bakin ganyen kuma ya ƙone, ƙarancin fotashiyam ne, wani sinadarin abincin shuka da saiwa ke sha daga ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe wannan sinadari, ban-ruwa na wanke shi ƙasa. Itacen kuwa janyo shi yake daga tsohon reshe yana ciyar da sabo. Ka sare, ka ƙwace masa rumbunsa, sai ya koma kan reshen da ke sama da shi, har kai ya ƙanƙance. Ka bar reshe sai ya bushe ƙayau. Kuma ka sani ganyen da ya lalace ba ya komawa kore. A jikin sababbin ganye za ka ga sauƙi, bayan watanni.

Sai masu watsa yuriya. Tana hanzarta tsiro, buƙatar fotashiyam ta ƙaru, ciwon ya tsananta. Kamfa 15-15-15 ya fi ta, amma babu magnesiyam a ciki, wanda rashinsa ke sa gefen tsohon ganye ya yi ɗorawa tsakiyarsa na kore. Masanan Jami'ar Florida a Amurka suna ba da shawarar taki mai lamba 8-2-12, wato wanda fotashiyam (lambar ƙarshe) ya fi yawa a cikinsa, da kashi 4 na magnesiyam, mai narkewa a hankali. In bai samu ba, ka haɗa salfet na fotash da ɗan gishirin Epsom (mai ɗauke da magnesiyam) da ruɓaɓɓen takin shanu, ka barbaɗa kewaye, kada ka tara a jikin gindi.

Toka kuma a yi hattara da ita. Tana da fotashiyam, gaskiya ne, amma yawanta na sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, saiwa ta kasa shan manganis. Nan ne sabon ganye ke fitowa a murɗe, gajere, bakinsa a ƙone. Wannan ya fi ciwon tsofaffin ganye haɗari, domin kowane kara na dabino kai ɗaya gare shi, in ya mutu wannan karan ba ya sake tofo. Salfet na manganis ake zubawa, kuma ka karanta buhun da kyau, don ana rikita shi da magnesiyam.

In sabon ganye ya yi fari-fari, galibi an binne gindin da zurfi ne, ko tukunyar ba ta da huda ruwa na kwanciya. Gyara wannan tukuna kafin ka sayi taki. Kada kuma ka riƙa kwarara ruwa ta kai, balle a watan Agusta. Ruɓar kai daga nan take farawa: ka ja sabon ganyen ya zare a hannunka yana wari. Maganin feshi mai tagulla kan taimaka in an yi saurin ganewa.

Da hunturu, ka riƙa wanke bayan ganye, can ƙananan ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo ke ɓuya. Almakashi kuwa ka tsoma shi a ruwan bilic kafin ka koma kan wani itacen. In wani abu mai tauri kamar laimar kwaɗi ya fito a gindi, ba shi da magani: tuge shi da saiwarsa, ka ƙone, kada ka sake dasa dangin dabino a wannan ramin.