Kalmar "borrow" da 'yan uwanta: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

"Borrow me your biro." Duk wanda ya zauna a aji a Najeriya ya ji wannan jimla, wataƙila ma da bakinsa ya faɗe ta. A hirar abokai ba wanda zai kasa ganewa. Amma a takardar WAEC ko NECO, ko a wasiƙar neman rance da aka aika wa banki, kuskure ne tsagwaronsa, kuma mai maki yana ganinsa zai ja layi a ƙarƙashi.

Tushen matsalar daga Hausa yake. Mu saiwa ɗaya muke amfani da ita a ɓangarorin biyu: "na ari biron Musa", "Musa ya ara mini biro". Ƙarshen kalmar da ɗan "mini" ko "masa" su ke nuna wa ya bayar, wa ya karɓa. Haka ma "na ranci kuɗi" da "ya ranta mini kuɗi". Turanci kuwa kalmomi biyu ya ware, kowace da alƙiblarta. "Borrow" ta mai karɓa ce, "lend" ta mai bayarwa. Idan abu yana tahowa wurin mai aikin, "borrow" ke nan. Idan yana barin hannunsa, "lend".

Saboda haka mai son biro yana da hanya biyu: "Can I borrow your biro?" ko "Can you lend me your biro?" Ga wata dabarar gwaji da ba ta cin lokaci: dubi abin da ya biyo bayan kalmar. "Borrow" ba ta yarda mutum ya biyo ta kai tsaye ba, sai abin da aka ara, sannan "from", sannan mai abin: "I borrowed ₦5,000 from Aisha." Ita kuwa "lend" tana karɓar mutum nan take, "Aisha lent me ₦5,000", ko kuma a fara kawo abin a sa "to": "Aisha lent ₦5,000 to me." Da zarar ka ga "me", "him" ko "us" manne da "borrow", to tsaya ka sake dubawa. "Borrow me" a kunnen Bature tana nufin a are ka kai kanka, kamar yadda shugaban wani sashe zai ce wa takwaransa "Can I borrow Sani for five minutes?", wato ara mini Sani na minti 5.

Waɗanda suka gyara wannan sukan faɗa wani ramin, su rubuta "lended". Babu ita. "Lent" ce, ko a "he lent" ko a "he has lent". "Borrow" dai ba ta da rigima, "borrowed" ce kullum. In ka ci karo da "Lent" da babban baƙi a tsakiyar jimla, wannan azumin Kiristoci ne na kwana 40 kafin Ista, ba ruwansa da aro.

Inda aka fi yin ɓarna mai tsada shi ne wajen bashi. Hausa ta bambanta aro, wanda ake mayar da ainihin abin, da rance, wanda ake mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko mudun gero. Turanci bai damu da wannan ba, "borrow" ta haɗe su duka. Amma da aka zo kan bashin da ke wuyan mutum, sai harsunan biyu suka juya wa juna baya. Bahaushe yana farawa da mai kuɗin: "Ina bin Garba dubu goma." Turanci yana farawa da wanda ake bi: "Garba owes me ₦10,000." Wanda ya haddace cewa "owe" ita ce "bin bashi" sai ya rubuta "I owe Garba ₦10,000", alhali shi ne mai kuɗin. Ya amsa bashin da bai ci ba ke nan, kuma a rubuce. Idan saƙon waya ne ko takardar yarjejeniya, wannan jimla ɗaya tana iya zama hujja a kansa. Maganin shi ne a riƙe "owe" a matsayin "ana bi na": "I owe" na nufin ni ake bi. Sannan a daina "I am owing you", domin "owe" na cikin kalmomin da ba su cika karɓar "-ing" ba, irin su "know" da "own". "I owe you" ta wadatar. Bashin kansa "debt" ne, kuma ba a furta "b" ɗin, "det" ake cewa. Mai shago da ya ba da kaya bashi "on credit" ya sayar, kuɗin ruwa kuma "interest".

"Loan" kalmar suna ce da farko: "a bank loan", "take out a loan", "repay a loan". Amurkawa suna amfani da ita a madadin "lend", su ce "He loaned me his car", kuma ba laifi ba ne, ko da yake a Ingila an fi jin "lend". Abin da ba ta taɓa nufi ba shi ne karɓa. "I loaned money from the bank" ta juya zancen, daidai shi ne "I borrowed money from the bank" ko "I got a loan". Masu bin ƙwallon Turai sun riga sun san "on loan", ɗan wasan da ƙungiyarsa ta bayar aro na wani lokaci.

Idan kuɗi za ka biya don amfani da abu, ka fita daga aro ka shiga haya. Gida "rent" ake yi. Mota, kujerun biki da rumfa, Ingilawa "hire" suke cewa, Amurkawa kuma "rent". Mai gidan da ke ba da haya shi ke yin "let", shi ya sa ake ganin "To Let" a jikin gidaje a Kano da Kaduna. Abin da ba a ɗauke shi daga inda yake kuwa, kamar banɗaki, "use" ta fi dacewa: "May I use your toilet?"

Kalmar "borrow" tana da wasu ma'anoni da ba su shafi mayarwa ba. A lissafin ɗebewa, 52 a cire 7, sai an aro 1 daga 5, Turanci ma "borrow" yake cewa. Harsuna suna yin "borrow" na kalmomi, kamar yadda Hausa ta aro "tebur", "bokiti" da "mota" daga Turanci, shi ma Turancin ya samo "cotton" da "algebra" daga Larabci. "Lend" kuma tana shiga salon magana: "lend a hand" taimakawa ce, "lend an ear" saurarawa. Ba a musanya su, "borrow a hand" ba ta da ma'ana.

Saura rubutu da furuci. "Borrow" da "r" biyu take, wasalin farko "o". "Burrow" ramin zomo ne ko na ɓera, "barrow" kuwa ita ce ta ba mu baron da ake turawa a kasuwa. Na'urar gyaran rubutu ta waya ba za ta kama wannan ba, tunda duk ukun kalmomi ne na gaske, don haka sai mutum ya sake karanta saƙonsa da idonsa kafin ya tura.