Sa'ar farko idan sefsis ta durƙusar da yaro

Idan ƙwayar cuta ta shiga jinin yaro, garkuwar jiki kan saki sinadaran aike da ake kira saitokin, manyansu su ne TNF-alfa da IL-1 da IL-6. Aikinsu kiran sojojin jiki ne, amma idan suka yi ambaliya, jiki ne ke shan wuya. Jijiyoyin jini su saki, ƙananansu su riƙa yoyo, ruwa ya tsiyaye cikin nama, ƙarfin zuciya ya ragu, jini ya fara daskarewa inda bai kamata ba. Wannan yanayi ake kira sefsis. Magungunan toshe TNF-alfa da aka gwada ba su zama maganin sefsis ba, don haka abin yi shi ne kashe ƙwayar da tallafa wa zagayen jini.

Kada ka jira awon jini (wato BP) ya faɗi. Yaro yakan matse jijiyoyinsa ya riƙe awon har sai abu ya yi nisa. Taɓa tafin ƙafarsa ka ji ko ya yi sanyi. Danna farcensa na daƙiƙa 5 ka saki; idan jan bai dawo cikin daƙiƙa 3 ba, ga bugun jini mai sauri mara ƙarfi, ga yaro ya yi laushi ko fitsari ya ɗauke, to ka fara aiki. A ɗan shekara 1 zuwa 10, ka ninka shekarunsa biyu ka ƙara 70: idan lambar sama ta awon jini ta gaza haka, to ya faɗi.

Sa masa oksijin, ka nemi jijiya. In ta ƙi, a bi ta ƙashin ƙwauri. Auna sukari nan take, in ya gaza 2.5 mmol/L a ba da gulukos mai kashi 10 cikin 100, mil 5 kan kowane kilo. Ɗebi jinin gwaji kafin magani, amma kada gwaji ya riƙe ka. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su seftiriyazon, ya shiga cikin sa'a 1.

Wajen ƙarin ruwa ne aka fi yin ɓarna. Inda akwai sashen kulawa ta musamman da injin numfashi, ana ba da ruwan Ringer mil 10 zuwa 20 kan kowane kilo a lokaci guda, har zuwa mil 40 ko 60 a sa'ar farko. Inda babu, dokar daban ce. Binciken FEAST na 2011 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna ɗura ruwa da sauri ya ƙara yawan mace-macen yara masu zazzaɓi mai tsanani. Saboda haka ƙa'idojin kula da sefsis a yara na 2020 suka ce a irin wannan wuri kada a ɗura ruwa da sauri sai awon jini ya faɗi, kuma kada ya wuce mil 40 kan kowane kilo. Yaro mai tamowa ya fi kowa buƙatar hannu mai sanyi a nan.

Bayan kowane ƙari, saurari huhu, ka lalubi hanta. In ka ji ƙarar ruwa a ƙirji ko hanta ta sauko, tsayar da ruwan. Idan har yanzu gaɓoɓin na sanyi, maganin ɗaga awon jini, wato adirinalin ko noradirinalin, ake farawa, ko ta jijiyar hannu ce in an tsarma shi. Sai a nemo tushen cutar: ƙurji a tsaga shi, tsohuwar robar jijiya a cire ta, a kuma riƙa auna fitsari kowace sa'a, ana neman mil 1 kan kowane kilo.