Yadda za ki koya wa yarinya tafiya a kan katakon jimnastik

Tun da maƙwabta a nan Birnin Damagaram suka ga 'yata tana tafiya a kan katako a tsakar gida, kullum sai an tambaye ni yadda muka yi. To ga shi. Katakon da ake gasar jimnastik, wato wasan tsalle da alkafura, a kansa faɗinsa santimita 10 ne, tsawonsa mita 5, tsayinsa daga ƙasa santimita 125. Namu dai a ƙasa zai zauna.

1. Ki ja layi miƙaƙƙe da alli a kan siminti.
2. Yarinya ta cire takalmi. Da sassafe ko bayan la'asar, don simintin rana yana ƙona tafin ƙafa.
3. Ta buɗe hannuwa daidai da kafaɗa.
4. Ta kafa ido a ƙarshen layin, kada ta kalli yatsunta.
5. Ta taka, ƙafa ɗaya gaban ɗaya, a hankali.
6. In ta daina kaucewa, ki sa kafinta ya yanko katako mai faɗin santimita 10 ɗin nan, ya goge shi sumul. Ki shafa da hannunki tukuna, sartse ba daɗi.
7. Ki kwantar da shi a ƙasa, katifa a kowane gefe.

Hattara: kada ki ɗora shi a kan bulo. Ni na gwada, ya mirgine, sai da muka yi kwana uku muna gasa idon sawu.

8. Ki tsaya kusa da ƙugunta. Kada ki ja mata hannu, yana karkatar da ita.
9. In ta kai ƙarshe, ta diro da ƙafa biyu, gwiwa a ɗan lanƙwashe.