Kafin Ka Cike Fom Ɗin JAMB Na Karatun Haɗa Magunguna

Jama'a, masu son karatun haɗa magunguna a Najeriya, kada girman sunan jami'a ya ruɗe ku. Abin dubawa na farko shi ne amincewar hukumar PCN, mai kula da sana'ar haɗa magunguna a Najeriya, ba ta NUC, hukumar kula da jami'o'i, kaɗai ba. Idan PCN ba ta amince da sashen ba, ko ka gama ba za a yi maka rajista a ba ka lasisi ba.

Sai ka bincika adadin ɗaliban da PCN ta yarje wa makarantar ta ɗauka. Nan ake yawan faɗawa rami: makaranta ta kwashi fiye da ƙa'ida, rarar ɗaliban su rasa lambar shaidar ɗalibi da PCN ke bayarwa, a yi ta jan su shekara da shekaru. Ka tambayi 'yan aji uku ko huɗu na sashen, su ne za su faɗa maka gaskiya, har da ko ɗakunan gwaji na da kayan aiki ko kallo kawai ake yi.

Digirin haɗa magunguna iri biyu ne: B.Pharm shekara 5 ce, PharmD kuwa 6, kuma PharmD ta fi ba da ƙarfi ga aikin asibiti, don haka jami'a mai asibitin koyarwa, kamar ABU Zariya da BUK, ta fi dacewa. Bayan kammalawa akwai horon shekara ɗaya da jarrabawar rajista.

A JAMB ka zaɓi Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kwalejin fasahar lafiya kuwa mataimakan masu haɗa magani take yayewa, matakinsu daban ne.