Yadda za ka gane wa zai ɗauke ka idan sunan da ke jikin jirgi na haya ne

Jama'a mu yi maganar tikitin jirgi, musamman ku ɗalibanmu da ma'aikatan jinya da ke Ingila da Scotland da Ireland, da duk wanda ke hawa ƙananan jiragen nan masu fanka daga gari zuwa gari. Akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai ranar da matsala ta taso, shine sau da yawa kamfanin da ka biya kuɗi daban, kamfanin da zai ɗauke ka daban, alhali fentin jirgin da yunifom ɗin ma'aikata da lambar tafiya duk na wancan na farkon ne. Ba damfara ba ce, yarjejeniya ce ta hayar suna kuma doka ta san da ita, amma in ba ka fahimce ta ba wallahi kuɗinka na iya maƙalewa kana ji kana gani.

Abin kamar gidan mai yake. Za ka ga allo da sunan babban kamfani, amma filin da famfunan da yaran da ke zuba man duk na wani dila ne da ke biyan kuɗin amfani da sunan. Toh haka ƙaramin kamfanin jirgi yake yi. Shi ke da jiragen, shi ke da lasisin tashi daga hukumar sufurin sama, shi ke ɗaukar matuƙa da injiniyoyi, shi ke zaɓar inda zai je da farashin da zai sa, riba tasa asara tasa. Abin da yake haya shine suna da shafin sayar da tikiti da manhajar bukin ɗin babban kamfanin. Shi kuma babban yana karɓar kasonsa, kuma sunansa ya isa garuruwan da in ya kai jirgi mai kujera 180 ko rabi ba zai cika ba.

Misalin da ya fi fito da abin fili shine Loganair da Flybe. Loganair kamfani ne na Scotland tun 1962, shi ke zuwa tsibiran Shetland da Orkney da garin Stornoway, har da Barra inda jirgi ke sauka a kan yashin bakin teku. Daga 1994 zuwa 2008 da sunan British Airways yake tashi, daga 2008 ya koma sunan Flybe, kamfanin Exeter mai tallan araha, har ƙarshen watan Agusta 2017, sannan ya cire fentin kowa ya koma sunansa. Kaga mutumin Shetland ya hau jirgi da suna uku cikin waɗannan shekarun amma kamfani ɗaya ne ke ɗaukarsa. Ban da Loganair, Flybe ta ba Blue Islands na tsibiran Jersey da Guernsey hayar suna daga 2016, haka Eastern Airways daga 2017, Stobart Air ma ta yi wasu hanyoyi daga Southend da sunanta.

Toh ga abin yi. Tun kafin ka danna biya, ka nemi wurin da aka rubuta "operated by" a kusa da lokacin tashi, yawanci da ƙananan haruffa ne kuma a waya sai ka taɓa bayanin tafiyar kafin ya fito. Sunan da ke gaban waɗannan kalmomin shine mai ɗaukarka. A Turai da Birtaniya wajibi ne mai sayar da tikiti ya faɗa maka wannan lokacin da kake saye, ko kamfanin ne da kansa ko eja. Kada ka dogara da lambar tafiya, haruffa biyun nan na farko, domin a zamanin Flybe duk da BE suke farawa ko da jirgin Loganair ne ko na Blue Islands. In kana so ka tabbatar, sa lambar a Flightradar24, shafin bibiyar jiragen sama, za ka ga irin jirgin da ke yin hanyar a kwanakin baya da kamfanin da ke da shi. Sannan ka ɗauki hoton shafin ka ajiye, dan Allah kada ka raina wannan, minti ɗaya ne.

Sai ka gane wace irin haɗaka ce, saboda iri uku ne kuma mutane na cakuɗa su. Akwai hayar sunan da muke magana, inda ƙaramin ya sa fentin babba gaba ɗaya. Akwai raba lamba, inda kowa na nan da fentinsa sai dai wani kamfani na sayar da kujeru a jirgin wani da tasa lambar. Sai hayar jirgi da matuƙansa, irin wanda muka saba gani a Najeriya, ka sayi tikitin kamfanin gida ka tarar da farin jirgi da ma'aikata 'yan waje. Bambancin ba na ilimi kawai ba ne, shi ke nuna ƙofar da za ka buga ranar neman diyya. A na farko da na biyu mai jirgin za ka bi. A na uku kuwa, a dokar Turai, wanda ya yi hayar ya tsara tafiyar shi ke da alhaki, ba wanda ya ba da jirgin ba.

Kaya. Nan ne 'yan'uwanmu suka fi shan wahala don mu ba ma tafiya hannu rabbana. Ƙananan kamfanonin nan da jirgin ATR 72 suke aiki mai kujera wajen 70, ko wanda bai kai shi ba, kuma akwatin saman kujera ƙarami ne sosai, jakar da ta shiga lafiya a babban jirgi a nan ba za ta shiga ba. Shi ya sa za ka ga suna ɗaya amma dokar kaya biyu. A Aer Lingus misali jakar hannu kilo 10 ce a babban jirgi, a Aer Lingus Regional kuwa kilo 7 ce kuma girmanta ya ragu. Ka karanta dokar kayan mai ɗaukarka, ba ta mai sunan ba, in kuma tafiyarka zango biyu ce ka shirya jakarka bisa wanda ya fi tsanani. Biyan kuɗin kaya ta intanet kafin ranar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan biya a kanta.

Yanzu maganar da ta sa na rubuta wannan, wato yadda za ka biya. Ranar 5 ga Maris 2020 Flybe ta rushe cikin dare. Jiragen Blue Islands da na Eastern Airways lafiyarsu ƙalau, lasisinsu na nan, matuƙansu na nan, amma shafin da ake sayen tikitinsu da manhajar da ke riƙe da sunayen fasinjoji na Flybe ne, kuma fasinja Flybe ya biya. Sai da kowannensu ya koma sunansa ya buɗe nasa shafin. Loganair da ta fita tun 2017 ita abin bai taɓa bukin ɗinta ba, har ma ta karɓi hanyoyi 16 daga cikin na Flybe. Kuma abin na iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, a watan Yuni 2021 Stobart Air ce ta tsaya, ita da ke tashi da sunan Aer Lingus Regional, mai sunan na raye mai jirgin ya mutu, mutane suka wayi gari an soke tafiyarsu. Sai 2022 Emerald Airlines ta karɓi wannan aikin. Kenan da tikiti ɗaya lafiyar kamfani biyu kake buƙata, kuma wannan shine ainihin haɗarin da ba a rubuta shi a talla.

Saboda haka in kana Birtaniya kuma kana da katin bashi, da shi za ka biya. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin katin alhaki tare da mai sayarwa idan farashin abin ya wuce fam 100 bai haura fam 30,000 ba. Na san da yawanmu muna ƙyamar katin bashi saboda kuɗin ruwa, kuma damuwa ce ta gaske, wasu na biyan kuɗin gaba ɗaya nan take kafin ruwa ya hau, wasu kuma sam ba sa taɓa shi, kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. In katin cire kuɗi na yau da kullum ka yi amfani da shi, har da na bankunan gida masu Visa ko Mastercard, akwai hanyar neman banki ya janyo kuɗin tunda ba a yi maka aikin ba, sai dai wannan tsarin kamfanonin kati ne ba doka ba, kuma yana da wa'adi, don haka da jin labari ka kira banki kada ka zauna jiran imel. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shine tura kuɗi ta taransifa ga wani ya saya maka saboda ragin fam goma, ranar da abu ya lalace ba ka da wata hujja a hannunka. Haka shafukan 'yan tsakiya masu arha, suna iya raunana kariyar katinka tunda ba kamfanin jirgin ka biya kai tsaye ba. Kariyar ATOL kuma da ake yawan ambata, wato tsarin Birtaniya na kare kuɗin matafiya in kamfani ya rushe, galibi ta masu sayen tafiya haɗe da otal ce, tikiti zalla da ka saya a shafin kamfani ba ya ciki. In za ka yi inshorar tafiya ka duba ko ta ƙunshi rushewar kamfanin jirgi, da yawa ba su ƙunsa ba.

In ƙaramin jirgin zai kai ka ne ka kama babba zuwa Abuja ko Kano ko Jidda, yi iya ƙoƙarinka ya zama bukin ɗaya mai lamba ɗaya. In tikiti biyu ne daban, na farko ya makara ka rasa na biyu, ba wanda zai saurare ka, sabon tikiti za ka saya. In dole ne sai an raba, bar tazara mai yawa, ni a ganina gara ma ka kwana a garin da za ka tashi.

Tikitin da za ka saya watanni da yawa gaba kuma, ɗan bincika labarin kamfanonin biyu. Yarjejeniyar nan tana da wa'adi kuma rabuwa ba kullum take zuwa da daɗi ba. Da Loganair ta bar Flybe a 2017, Flybe ta haɗa kai da Eastern Airways suka shiga hanyoyin Loganair ɗin suna karya farashi, fasinja ya ji daɗi na 'yan watanni, kowa ya tafka asara, a farkon 2018 Flybe ta janye daga Shetland. Wanda ya sayi tikitin gaba a irin wannan rikicin shi ke kwana a ciki.

A Afirka ma an yi. Comair ta Afirka ta Kudu ta tashi da sunan British Airways tun 1996, kuma ita ce mai kulula, kamfanin araha da ta buɗe a 2001. A watan Maris 2022 hukumar sufurin saman ƙasar ta dakatar da lasisinta na 'yan kwanaki, sunayen biyu suka tsaya lokaci guda domin lasisi ɗaya ne, a watan Yuni kuma ta rufe gaba ɗaya. Mutanenmu na Kumasi da Tamale za su tuna Fly540, sunan daga Kenya ya zo, reshen Ghana ya shiga hannun kamfanin fastjet a 2012, ya daina tashi a 2014. Babban suna a wutsiyar jirgi bai hana komai ba.

Ranar da aka makara ko aka soke, je kantar sunan da ke tikitinka don a sauya maka jirgi, amma takardar neman diyya ga mai ɗaukarka za ka aika, in ba hayar jirgi da matuƙansa ba ce. In kun isa da jinkirin awa 3 ko fiye a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, fam 220 ne a dokar Birtaniya, yuro 250 a ta Tarayyar Turai, ko da tikitin bai kai haka ba. Hazo ko guguwa ba a biyan diyya a kansu, kuma a tsibiran Scotland wannan ruwan dare ne, amma abinci da wurin kwana suna nan a wuyan kamfanin. Lalacewar inji kuwa yawanci ba uzuri ba ne, kada a sallame ka da shi. Jaka in ta fashe ka cika fom tun kafin ka bar filin jirgi, sannan ka rubuta ƙorafi cikin kwana 7, in kuma makara jakar ta yi, cikin kwana 21 daga ranar da ta iso hannunka, kuma a maganar kaya yarjejeniyar Montreal ta ƙasa da ƙasa kan sufurin sama ta ba ka damar bin ko wanne cikin kamfanonin biyu. A wasiƙar ka sa lambar bukin, lambar tafiya, kwanan wata, lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi bayan sauka, hoton nan da ka ajiye da rasit ɗin duk abin da ka kashe. In mai suna ya ce ka je wurin mai jirgi, mai jirgi ya ce ka koma wurin mai suna, ka nemi kowanne ya rubuta maka amsarsa. Bayan sati 8 ba a warware ba, a Birtaniya sai ka kai ƙara wurin masu sasanci irin AviationADR ko CEDR, ya danganta da wanda kamfanin ya yi rajista da shi, in bai yi da kowa ba sai CAA, hukumar sufurin saman Birtaniya. Kotu kuma tana karɓar irin wannan ƙara har shekara 6 a Ingila, 5 a Scotland.