Kurakuran da ke hana bindigar farauta mai sakata harbi a kan saiti

Mafarauta da masu gasar harbi a Amurka suna da gwajin da suka yarda da shi: a harba harsashi 5 daga nisan yadi 100, a ga ko za su taru cikin faɗin inci ɗaya. In suka warwatse, nan da nan sai mai bindiga ya ɗora wa bututu laifi, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau. A Najeriya dai, dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin mallakar irin wannan bindiga, don haka maganar ta masu lasisi ce. Kafin a taɓa komai kuma, a cire harsashi, a zare sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba don shigar da harsashi, a leƙa ciki.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen sukurorin da suka haɗa ƙarfen bindiga da ƙotarta. In sun yi sako-sako, ƙarfen yana motsawa a kowane harbi. In an ɗaure su fiye da ƙima, katakon ya matse. A nemi sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a bi adadin da kamfanin ya rubuta. Haka ma zobban da ke riƙe madubin saiti: yawanci 15 zuwa 18 ne a ma'aunin inci-fam, wuce haka yana iya lotsa madubin.

Ƙotar katako kuwa tana da nata hali. Da damina takan kumbura kamar ƙofar ɗaki da ke ƙin rufuwa, da hunturu ta tsuke. Idan tana gugar bututu, inda harsashi ke sauka zai riƙa canzawa da yanayi. Zura takardar kuɗi tsakaninsu, ka ja ta zuwa baya. Inda ta maƙale, nan matsalar take. A goge wurin kaɗan-kaɗan da samfefa, a shafe shi da fenti mai hana ruwa shiga, wanda mutane da yawa ke mantawa. Sai dai ban ba da shawarar gaggawa ba, domin wasu siraran bututu sun fi harbi daidai in katakon ya ɗan tokare su daga gaba, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.

Wajen wanki, kada a cusa sandar wanke bututu daga bakinsa. Ƙaramin ƙarzani a gefen bakin ya isa ya karkatar da harsashi. Tunda sakata na fita, a shiga ta baya.

Akwai kuma rashin haƙuri: a yi ta harbi bututu na zafi, a gauraya harsasai iri-iri, a gyara abu uku a rana guda, sannan a rasa wanne ya yi amfani. A canza abu ɗaya, a ɗora bindiga kan buhun yashi, a gwada, a rubuta.

Kunamar bindiga ce kaɗai zan roƙe ka kada ka taɓa a gida. Wanda ya goge ta don ta yi laushi yana iya mayar da bindigar mai tashi da kanta da zarar an rufe sakata ko ta faɗi. Ko kamfanin Remington a 2014 sai da ya janye bindigogin Model 700 masu kunamar X-Mark Pro saboda haɗarin tashi ba da niyya ba. In ta yi maka tauri, kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga.