Darasi na Bakwai: Yadda Ake Rage Wasan Sitiyari a Akwatinsa

Idan direba ya murɗa sitiyari dama ko hagu kaɗan amma tayoyin gaba ba su motsa ba, wannan tazarar ita ce makanikai ke kira wasan sitiyari. Kowace mota tana da ɗan wasa, kuma masu ƙera motoci da yawa sun yarda da abin da bai wuce milimita 30 ba idan an auna a bakin sitiyarin, wato kimanin faɗin yatsu biyu. Idan ya zarce haka, motar za ta riƙa yawo a kan titi, direba yana ta tarairayar ta dama da hagu don ta miƙe, kuma ranar da wani abu ya gifta masa ba zato, sai hannunsa ya cinye wasan kafin taya ta amsa.

Ba kowace mota ke da akwatin sitiyari ba. Ƙananan motoci irin su Golf da Corolla da Peugeot 504 suna amfani da dogon ƙarfe mai haƙora da ake kira rak, kuma wannan darasi bai shafe su ba. Akwati ana samun sa a manyan motocin ɗaukar kaya, da Mitsubishi Canter, da Toyota Land Cruiser ƙirar 70, da tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu. Yana ɗaure a jikin shasi, sandar sitiyari tana shiga cikinsa, sannan wani hannun ƙarfe yana fitowa daga ƙasansa ya haɗu da sandunan da ke juya tayoyi.

Kafin a ɗora sifana a kan akwatin, wajibi ne a tabbatar cewa wasan daga cikinsa yake, domin sau da yawa ba can yake ba. A ajiye motar a wuri mai daidai, tayoyinta a ƙasa suna kallon gaba, a ja birkin hannu, a sa weji. Mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, ɗaya kuma ya leƙa ƙasa da tocila yana bin motsin gaɓa bayan gaɓa. Ya dubi mahaɗar da ke tsakanin sandar sitiyari da akwati, da notunan da suka riƙe akwatin a shasi, da babban notin hannun ƙarfen, da kawunan tayarod, wato sandunan da ke juya tayoyi. Idan ya ɗora hannunsa a kan gaɓar da ta lalace, zai ji tana ƙwas-ƙwas kafin ma ido ya gani. Motar da ke bin gargada kullum ta fi cinye waɗannan gaɓoɓin, haka nan boris ɗin taya idan ya yi lako-lako yana kawo irin wannan yawon. Sai idan an ga sandar da ke shiga akwati tana juyawa alhali hannun ƙarfen da ke fita yana tsaye, sannan za a ce laifin na akwati ne. Idan motar mai sitiyarin fawa ce, a yi wannan gwajin inji yana aiki, amma mai leƙawa ya nisanta hannunsa da rigarsa daga fanka da bel.

A saman murfin akwatin akwai wani sukuru da noti ya kewaye shi ya kulle. A ciki kuwa akwai haƙora biyu da ke cizon juna, an yanka su da ɗan karkata kamar weji, saboda haka idan aka murɗa sukurun ciki, sai ya tura haƙora ɗaya ya ƙara nutsewa cikin ɗayan, giɓin da cin ƙarfe ya bari ya ragu. Abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne, an ƙera haƙoran ne yadda za su fi matsewa a tsakiya, lokacin da mota take tafiya a miƙe, su ɗan saki idan an karya kwana. Don haka ba a yin saitin sai tayoyi suna kallon gaba sak. Wanda ya yi shi sitiyari yana karkace zai ga wasa da yawa, ya yi ta ɗaurewa, sannan da ya dawo tsakiya sitiyarin ya cije.

A ɗaga gaban motar da jek har tayoyi su bar ƙasa, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, domin jek kaɗai ba abin da za a ba amanar rai ba ne. A goge datti daga murfin, a duba man da ke cikin akwatin, a yi alama da fenti ko alli a kan sukurun da jikin murfin don a san inda aka taso. Sai a riƙe sukurun da sukudireba, a sassauta notin da sifana, a murɗa sukurun ta hanyar da hannun agogo ke bi, amma kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kawai, wato rabin kwata. A riƙe shi a wurin sosai yayin ɗaure notin, saboda notin yakan ja sukurun ya tafi da shi. Daga nan a juya sitiyari daga ƙarshen dama har ƙarshen hagu a hankali da yatsu, ana saurare da hannu. Ɗan nauyi kaɗan a tsakiya daidai ne, amma idan an ji ya cije ko yana tafiya da tsalle-tsalle, a mayar da sukurun baya nan take. Idan har yanzu wasan ya wuce yatsu biyu kuma babu cijewa, a ƙara wani rabin kwatan.

A ganina babban kuskuren da ake yi a gareji shi ne neman a kashe wasan baki ɗaya, domin mai mota yakan ji daɗi idan ya taɓa sitiyari ya ji shi tamau. Akwatin da aka matse fiye da ƙima yana cinye haƙoransa da boris ɗinsa cikin ɗan lokaci, kuma yana hana sitiyari komawa tsakiya da kansa bayan kwana, wanda ya fi wasan haɗari ga motar da ta yi lodi. Saboda haka bayan an sauke motar, a gwada ta a fili ko a hanyar da babu cunkoso, a karya kwana a hankali, a sassauta riƙo a ga ko sitiyarin zai warware da kansa.

Akwai akwatin da saiti ba zai yi masa magani ba. Tun da mota ta fi tafiya a miƙe, tsakiyar haƙoran ce ke fara cinyewa, kuma idan cin ya yi nisa, duk ɗaurin da zai kawar da wasa a tsakiya zai sa sitiyari ya cije a gefe. Haka kuma idan an murɗa sukurun har kusan cikakken zagaye wasan bai ragu ba, ko sandar da ke ɗauke da hannun ƙarfen tana girgiza gefe da gefe tana yoyon mai, to a mayar da sukurun kan alamarsa, a cire akwatin a kai wa ƙwararren makanike ya buɗe shi ya sake kayan cikinsa, ko kuma a sa wani.